Ɗakin da Ke Kallon Sawun Jirgi

  

Yau teku za mu shiga. Zancenmu a kan manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ne. Irin waɗanda mutum ke shiga ya yi mako ɗaya ko biyu. A ciki zai kwana, a ciki zai ci, gari na wayewa ya tsinci kansa a sabuwar tasha. A da sai a talabijin muke ganin su, suna tashi daga Miami ko Barcelona. Yanzu kuwa sun matso kan hanyoyin da mutanenmu suka saba bi. Tun a 2021 manyan jirage suka fara ɗibar fasinja daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya. A watan Disambar 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya. Akwai masu tashi daga Dubai da Doha a lokacin sanyi. Akwai masu tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Saboda haka wanda Allah ya hore wa, kuma yake sha'awa, abin ba shi da nisa kamar da.

To, duk wanda ya ƙudurta wannan tafiya, tambayar farko da za a yi masa ita ce: wane ɗaki kake so? Akwai ɗakin ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya, shi ne mafi araha. Akwai mai taga, amma tagar ba ta buɗuwa. Akwai mai baranda, inda za ka zuge ƙofar gilashi ka fita ka sha iska. Yawancin barandojin nan a gefen jirgi suke, dama ko hagu. Amma can ƙarshen jirgin, a bayansa, akwai wasu 'yan kaɗan da ba sa kallon gefe. Baya suke kallo, inda jirgin ya baro. A kansu zan yi magana yau.

Bari in faɗi ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa. Ina son ɗakin nan. A ganina yana cikin wuraren da suka fi daɗin zama a jirgi. Amma ba a sayensa da ka. Ka san jikinka, ka duba taswirar jirgin, sannan ka biya. Ku riƙe wannan, domin zan maimaita shi.

Mu fara da abin da ya sa ake rububinsa.

Idan jirgi yana tafiya, farfelolinsa suna kaɗa ruwa a ƙarƙashin bayansa. Ruwan sai ya taso fari fat da kumfa, gefensa ya yi shuɗi mai haske. Wannan sawun yakan miƙe a bayan jirgi har inda ido ya ƙure. Mai barandar baya, shi ke da wannan kallo daga safe har dare. Ba bango a gabansa, ba kwalekwalen ceto da ya tare masa ido. Kuma ruwan yana da ƙara. Wata irin ƙara ce mai ɗorewa, ba ta hawa ba ta sauka. Mutane da yawa saboda ita kaɗai suke neman ɗakin. Suna cewa tana kwantar musu da hankali, tana sa su barci. Wanda aiki ya sha masa kai shekara guda, waya ba ta barinsa ya huta, ya san darajar wurin da zai zauna shiru ya dubi ruwa.

Sai maganar iska. Wannan mutane ba su cika tunaninta ba sai sun shiga. Babban jirgi a tsakiyar teku yana gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Ko da ranar babu iska, gudun jirgin kansa iska ne. A barandar gefe, musamman ta wajen gaba, wani lokaci ba ka iya buɗe littafi. Mayafi ma sai an riƙe shi da hannu biyu. A baya kuwa, jikin jirgin gaba ɗaya ya tare maka ita. Za ka iya ajiye kofin shayinka a kan tebur, ka buɗe Alƙur'aninka ko jaridarka, ka zauna lafiya lau.

Abu na gaba shi ne wanda ni ya fi burge ni. Mai barandar dama, abin da ke dama kaɗai yake gani. Mai ta hagu ma haka. Mai ta baya kuwa yana ganin gaɓa biyu lokaci guda. Ku ɗauki ƙasar Nowe, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu, kamar mashigin Geiranger. Tsaunuka a tsaye dama da hagu, ruwa yana kwararowa daga samansu. Fasinjoji sukan yi ta gudu daga wannan gefe zuwa wancan don kada wani abu ya wuce su. Na baya yana zaune, duka biyun suna buɗe masa. Ko ku ɗauki mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914. A can ana shigar da jirgi cikin wani rami mai ƙofofin ƙarfe, a rufe, a cika shi da ruwa, jirgin ya ɗaga sama. Haka ake yi mataki-mataki har a hau da shi kimanin mita 26 zuwa tafkin Gatun. Daga barandar baya za ka ga ƙofofin nan suna haɗuwa a bayanka, kusa da kai. Haka nan duk yammacin da jirgi zai bar tasha. Ko Istanbul ce da hasumiyoyin masallatanta, ko Jidda da fitilun bakin tekunta, birnin yana gabanka yana ja da baya har ya ɓace.

Ƙari a kan haka, a jirage da yawa barandar baya ta fi ta gefe zurfi. Wata takan ɗauki kujerar kishingiɗa da tebur, har a sami wurin shimfiɗa darduma. Ɗakunan da ke kusurwa kuwa, barandarsu takan zagayo daga baya zuwa gefe. Sannan ƙofarka tana ƙarshen lungu. Ba mai wucewa ta nan sai maƙwabcinka da mai gyaran ɗaki.

To, masu sauraro, daɗin ke nan. Yanzu mu juya mu dubi ɗaya fuskar, domin ɗan kasuwa ba lallai ya faɗa muku ita ba.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne motsi. Jirgi yana da tangaɗi iri biyu. Akwai na gefe da gefe. Wannan an yi masa dabara, domin jiragen zamani suna da wasu fukafukan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa da ke rage shi sosai. Akwai kuma na gaba da baya, inda goshin jirgi ke ɗagawa ya sauka a kan igiyar ruwa. Wannan fukafukan ba sa yi masa wani abin kirki. Idan goshi ya sauka, baya ya ɗaga. Idan goshi ya ɗaga, baya ya sauka. Tsakiya ce kawai ke zaune daram. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta doguwar bas a kan hanya mai gargada, ya san abin da nake nufi. Na tsakiya suna hira, na baya suna tsalle.

Saboda haka, ɗan uwa, idan ka san mota ma tana sa ka jiri da tashin zuciya, ka haƙura da ɗakin baya. 'Yar uwa, idan kin san haka jikinki yake, ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa-ƙasa. Ba abin kunya ba ne. Mutum ya biya kuɗi masu yawa ya ƙare kwance da amai, wannan asara ce. Kuma teku ma ba ɗaya ba ce. Tekun Fasha galibi a kwance take. Arewacin Atlantika a lokacin hunturu, ko gaɓar da ke tsakanin Durban da Cape Town, wani labari ne daban. Ka san jikinka, na ce. Ka san tekun da za ka shiga.

Na biyu, jijjiga. Farfelolin nan da ke ba ka kyakkyawan kallo, a ƙarƙashinka suke. Jirage da yawa na yanzu suna amfani da wata irin farfela da ke rataye cikin kwanson ƙarfe, tana juyawa ta kowace fuska. Sananniyarta ita ce Azipod, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Finlan. Jirgin shaƙatawa na farko da aka sa wa ita shi ne Carnival Elation, a 1998. Ta rage jijjiga ƙwarai idan ana tafiya miƙe. Amma lokacin da jirgi zai jingina da tasha, sai an yi ta juya farfelolin ana tura bayansa gefe. A nan ne ɗakin baya ke rawa. Kofuna su yi ƙara, maratayan kaya su yi ta kaɗawa a cikin kabad. Kuma yawanci da sanyin safiya ake shiga tasha. Wanda ya saba tashi sallar Asuba, abin ba zai dame shi ba, domin ya riga ya farka. Wanda ke da jariri, ko mara lafiya mai buƙatar barcin safe, ya sa wannan a lissafi. Hawan da ya fi kusa da ruwa shi ya fi jin ta.

Na uku, kunkunniya. Bututun hayaƙin jirgi yana sama, wajen baya. Iskar da ta bi ta kan jirgi takan karkato ƙasa idan ta zo ƙarshensa. Wani lokaci takan sauko da ɗigo-ɗigon baƙi a kan barandojin baya. Ba kullum ba ne, kuma ba kowane jirgi ba. Ya danganta da iska da irin man da jirgin ke ƙonawa. Sababbin jirage masu aiki da iskar gas, irin su AIDAnova da ya fara aiki a 2018, ko MSC World Europa da ya sauki 'yan kallon ƙwallon duniya a Doha a 2022, baƙin hayaƙinsu kaɗan ne. Amma a tsohon jirgi, kafin ka zauna da farar shaddarka, ka shafa kujerar da tsumma ka gani. Barandar da ke da rufi a samanta ta fi tsira daga wannan.

Yanzu ga wanda nake so magidanta su kasa kunne sosai. Maganar sirri ce.

Wasu jiragen bayansu a miƙe yake daga sama har ƙasa. Kowace baranda, ta samanta ce rufinta. Ba mai ganin ka. Wasu kuma bayansu a karkace yake, hawa-hawa. Barandar ƙasa ta fi ta sama fitowa waje. Abin da ya sa ta yi faɗi ke nan. Amma faɗin nan yana da farashi. Duk wanda ya leƙo daga sama yana ganin rabin barandarka, wani lokaci dukanta. A wasu jiragen ma, can ƙoli wurin shan iska ne na kowa da kowa. Mutane suna jingine da shinge suna ɗaukar hoton sawun jirgi, kai da iyalinka kuna ƙasansu.

Wani bai damu da wannan ba. Mu kuwa da yawanmu mun damu. Magidanci ya ƙara kuɗi ne domin uwargida ta sami inda za ta ajiye mayafi ta sha iska, ta zauna da 'ya'yanta cikin sakewa. Idan aka je aka tarar barandar a buɗe take ga idon jama'a, manufar ta rushe. Za ta koma ciki ta ja labule, kuɗin kuma an riga an biya. Ina roƙon ku, kada ku yi wasa da wannan tambaya. Ku nemi hoton bayan jirgin daga waje. A hoto ɗaya za ku gane ko miƙaƙƙe ne ko mai hawa-hawa. Sannan ku tambayi ejan ɗinku ƙarara: barandar ɗaki mai lamba kaza, rufinta ya kai ƙarshe ko rabi ne? Idan bai sani ba, ya je ya tambayo. Ka duba taswirar jirgin, sannan ka biya.

Akwai kuma tafiyar ƙafa. Jiragen nan dogaye ne. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365. A irin waɗannan jirage, daga lif na ƙarshe zuwa ƙofar ɗakin baya akwai ɗan tattaki. Sau nawa za ka yi shi a yini? Ka fita karin kumallo, ka dawo. Ka manta katin ɗakinka, ka koma. Matashi zai ɗauke shi motsa jiki. Amma idan Hajiya ce za ka kai, ko Baba mai ciwon gwiwa, ka tausaya musu ka zaɓi kusa da lif. Sai dai akwai sauƙi ɗaya. A jirage da yawa, babban ɗakin cin abinci yana wajen baya ne. Mai ɗakin baya bai da nisa da abinci.

Wannan kuma ya kawo mu ga maƙwabtan sama da na ƙasa. Idan wurin cin abinci ne kai tsaye a samanka, za ka ji jan kujeru da turin amalanken kwanuka tun kafin gari ya waye. Idan zauren kiɗa ne a ƙasanka, sai tsakar dare za ka sami shiru. Akwai ma jiragen da bayansu dandalin wasa ne. Oasis of the Seas, na 2009, da 'yan uwansa, a can baya suke da filin wasan ruwa, inda ake kiɗa da nuna bajinta da dare. Dabarar mai sauƙi ce. Ka buɗe taswirar hawan da ke samanka da na ƙasanka. Idan ɗakunan kwana ne a sama, ɗakunan kwana a ƙasa, ka dace.

Mu matsa gaba, zuwa ga rana da alƙibla.

Barandar baya tana kallon inda aka fito. Jirgin da ya nufi yamma, kamar Queen Mary 2 idan ya tashi daga Southampton ta Ingila zuwa New York, bayansa gabas yake kallo. Ketowar alfijir da fitowar rana naka ne har kwana bakwai. Idan ya juyo, faɗuwar rana ce taka. Ka dubi hanyar tafiyarku ka ga wanne za ka samu. Ka kuma tuna cewa rashin iskar nan da muka yaba ɗazu yana da nasa aibin. A ƙasa mai zafi, da tsakar rana, baranda mara rufi ba ta zaunuwa. A Bahar Maliya ko Tekun Fasha, rufi ya fi faɗi amfani.

Game da salla, jirgi yana sauya fuska dare da rana, don haka alƙiblar jiya ba lallai ta zama ta yau ba. Kamfas ɗin waya ma yakan ruɗe a cikin ɗakin da aka kewaye da ƙarfe. Yawancin jirage suna da tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna inda jirgi yake da inda ya dosa. Mai ɗakin baya lissafinsa ya fi sauƙi, domin ya san barandarsa tana kallon kishiyar inda aka dosa. Ga wani abin sha'awa. Jirgin da ya bar Jidda ya yi arewa cikin Bahar Maliya, idan ya kai wajen Yanbu, Makka tana kusan saitin bayansa. Amma duk da haka a riƙa dubawa kafin kowace salla.

To, yaya ake samun ɗakin? Da wuri ake nemansa. A kowane hawa 'yan ƙalilan ne, alhali na gefe suna da yawan gaske. Masu yawan tafiya sukan kama su tun shekara guda kafin ranar tashi, wani lokaci fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma galibi ya fi barandar gefe tsada. A wasu jiragen ma, bayan gaba ɗaya an mayar da shi manyan ɗakunan alfarma.

Ku kiyaye abu biyu a wajen biya. Akwai ɗakin da ke sashen baya na jirgi, amma barandarsa gefe take kallo. Za a ce maka ai ɗakin baya ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Amma za ka sha nisa da jijjiga, ba ka sami kallon ba. Ka sa yatsa a kan taswira, ka tabbata ɗakinka yana cikin jerin da ya gitta ƙarshen jirgin. Sannan akwai tikitin rangwame wanda kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Da irin wannan tikiti da wuya ka sami abin da muke magana. Ka biya da lambar ɗaki a rubuce. Ka kuma ce a rubuta cewa kada a sauya maka, ko da sunan ƙarin girma ne. Yakan faru a ɗauke mutum daga ɗakin da ya zaɓa da kansa, a kai shi wani mai tsada a gefe, a ce kyauta aka yi masa. Idan kuma ka sami wanda ya taɓa kwana a wannan ɗaki a wannan jirgi, ka saurare shi da kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka kuma dubi jadawalin tafiyar. Idan kullum jirgin yana tasha, ku fita da safe ku dawo da magariba a gajiye, yaushe za ka zauna a barandar? A irin wannan tafiya, ka rage kuɗin ɗaki ka kashe su a yawon gari. Ɗakin baya na tafiyar da ke da ranakun tsakiyar teku ne, ko mashigai masu abin kallo.

Kafin in sallame ku, ga gargaɗi ga iyaye. Dokar Amurka ta 2010 ta wajabta wa jiragen da ke zuwa tashoshinta shingen da tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya. Ya isa ya tare babba. Amma yaro yakan ja kujera ya hau, kuma barandar baya ta fi yawan kujeru. Kada a bar yaro shi kaɗai a waje ko na minti ɗaya. A kulle ƙofar idan za a kwanta. Wuta kuma, a yi nesa da ita. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi daga wata baranda a jirgin Star Princess, a kan hanyarsa ta zuwa Jamaika. Masu bincike sun fi zargin guntun taba da aka yar. Ɗakuna da yawa suka ƙone, mutum ɗaya ya rasu. Yanzu yawancin kamfanoni sun hana shan taba a baranda. Uwargida, kaskon turaren wuta ma a bar shi a gida, domin ba a yarda da kunna shi a ɗakin jirgi ba.

Idan kuka tambaye ni wanne zan nuna wa ɗan uwana mai lafiyar ƙafa, wanda teku ba ta sa shi jiri, zan ce ya nemi ɗakin baya a hawan tsakiya. Ya ɗan yi nisa da farfela, ya ɗan yi nisa da bututun hayaƙi. Ɗakunan kwana a samansa da ƙasansa, baranda mai rufi har ƙarshe.

Masu sauraro, wanda ke shirin wannan tafiya a cikinku, ya zauna da iyalinsa a daren nan su buɗe taswirar jirgin tare. A tambayi uwargida, a tambayi dattawan da za a tafi da su, kowa ya faɗi abin da jikinsa zai iya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.